Wiwi a Tukunyar Amurka: Mai Dokar Barci Ya Ɓuge Da Gyangyaɗi

A birnin Otawa na ƙasar Kanada, cikin shekarar 2010, wani injiniya mai suna Robert Wang da abokan aikinsa suka fito da wata tukunyar lantarki wadda suka raɗa wa suna Instant Pot. Tukunya ce mai murfin da ke kullewa kam, tururi ba ya samun mafita, matsinsa ne ke dafa abinci cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. Ƴar'uwar wadda matan ma'aikata ke kira kokot-minit ce, illa dai ita ba ta neman gawayi ko gaz, kuma tana da agogon da ke kashe ta in lokaci ya cika. An ƙera ta ne domin wake da shinkafa da naman da ya ƙi dahuwa, kuma ba a jima ba ta shiga miliyoyin gidaje a Amurka da Kanada. To, a cikin waɗannan gidaje ne aka samo mata wani aikin da maƙeranta ba su rubuta a takardar bayani ba, wato dafa tabar wiwi cikin man shanu, a tace, a daskarar, a ajiye a firji kusa da madarar yara, a riƙa ɗiba ana yin biskit da gato da shokola.

Ba a ɓoye ake wannan girki ba. An buga littattafan koyar da shi, ana sayar da su a kantuna kamar kowane littafi. Kamfanin Netflix ya nuna gasar masu girki da wiwi a 2018, ya sake nuna wata a 2020, da alƙalai da kyauta da tafi. A Kanada, tun ranar 17 ga Oktoba 2018, doka ta yarje wa baligi ya riƙe giram 30 a aljihunsa, a yawancin lardunan ƙasar kuma ya shuka tushe huɗu a gidansa, ya sarrafa abin da ya girba a madafarsa. A jihar Kolorado ta Amurka tushe shida ne ga kowane baligi. Ganyen da aka ɗaure dubban ɗaruruwan mutane saboda shi, yau ya zama kayan miya.

Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa wiwi da man shanu, kuma me ya sa sai wannan tukunya? Dalilai biyu ne. Na farko, sinadarin da ke sa maye a cikin ganyen, wanda masana ke kira THC, ba ya narkewa a ruwa, a maiƙo yake narkewa, saboda haka man shanu ke jan sa ya riƙe. Wannan ba sabon ilimi ba ne: Indiyawa sun daɗe suna dama shi da madara, Marokawa suna cakuɗa shi da zuma da mai su kira shi majun, kuma a birnin Paris na shekarun 1840 wasu marubutan Faransa sun yi ta taruwa suna lasar irinsa a gaban likita Moreau de Tours. Dalili na biyu shi ne abin dubawa. Murfin da ke tsare tururi yana tsare wari. Shi kuwa wari, a sha'anin wiwi, shi ne ɗan sandan farko. Da wari uwa ke gane abin da ɗanta ya shiga, da wari maƙwabci ke sanin abin da ake yi bayan danga, da wari maigida ke korar yaron shago kafin ya kwashe masa jari. Mai zuƙar hayaƙi dole ya nemi kango ko bayan gari, ya dawo da jajayen idanu da tufafi masu tsami, kowa ya shaida shi. Wanda ya ci biskit kuwa a tsakiyar falo ya ci, gaban kakarsa, har ma ya miƙa mata farantin. Aikin da tukunyar ta yi ke nan, ta kawar da shaida. Ita kanta ba ta da laifi, ƙarfe ne da waya, kamfanin da ya mallake ta ma ya faɗa cikin bashi har ya nemi kariyar kotu a watan Yuni 2023. Laifin na waɗanda suka mai da kayan maye abin tanɗe-tanɗe ne, suka kuma kira wannan ci gaba.

Masu tallar abin suna cewa ci ya fi sha lafiya, tun da babu hayaƙin da zai ɓata huhu. Batun huhu gaskiya ne, amma rabin gaskiya ce, kuma ragowar rabin ita ke kai mutane asibiti. Wanda ya zuƙi hayaƙi, cikin ƴan mintoci abin ke kai wa ƙwaƙwalwarsa, ya ji, in yana da sauran hankali ya dakata. Wanda ya ci kuwa sai abin ya bi ta ciki da hanji, ya isa hanta, ita kuma hanta ta juya shi zuwa wani sinadarin da ke ratsa ƙwaƙwalwa da ƙarfi. Hukumar lafiya ta Kanada da kanta ta yi gargaɗi cewa akan ɗauki minti 30 zuwa awa biyu kafin a fara jin komai, ƙarfinsa na iya kai awa huɗu kafin ya kai ƙololuwa, mayen kuma ya daɗe har awa 12. A cikin wannan jira ne tarkon yake. Mutum ya ci gutsure, ya zauna, bai ji komai ba, ya ce an cuce shi, ya ƙara, ya kuma ƙarawa, sannan duka su taso masa a lokaci guda, alhali abin da ya shiga ciki ba a iya hure shi kamar kan sigari.

A watan Maris 2014, wata biyu da ƴan kwanaki ke nan da buɗe kantunan wiwi a Kolorado, wani ɗalibi ɗan shekara 19, ɗan ƙasar Kwango da ya je karatu Amurka, ya zo birnin Denba hutu da abokansa. Aka sayo biskit guda mai ɗauke da miligiram 65 na THC, mai sayarwa ya ce a raba shi shida, a ci kashi ɗaya. Yaron ya ci kashinsa, ya jira, bai ji komai ba, sai ya cinye sauran. Bayan ƴan sa'o'i ya fara sambatu da fisge-fisge, daga ƙarshe ya diro daga barandar hawa na huɗu na otal, ya mutu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta buga bayanin mutuwarsa a 2015, kuma ba a sami wani kayan maye a jininsa ba bayan wannan. A shekarar ta 2014, Maureen Dowd, shahararriyar marubuciyar jaridar New York Times, mace mai shekaru da ilimi, ta ci shokolar wiwi a ɗakin otal a wannan birni, ta kwashe sa'o'i kwance ba ta iya motsi, har ta ɗauka ta mutu, kamar yadda ta ba da labari da alƙalaminta.

A lura, biskit ɗin da ya kashe ɗalibin nan na kanti ne, an auna shi, an rubuta adadin a jikin takarda. Bayan wannan ne Kolorado ta tsananta, ta ce kowane kashi kada ya wuce miligiram 10, ƙunshi ɗaya kada ya wuce 100, a buga tambari a jikin abincin, a kuma daina yin alawa mai siffar dabba ko mutum ko ɗan itace. Kanada, da ta halatta sayar da irin wannan abinci a Oktoba 2019, ta tsayar da miligiram 10 ga ƙunshi gaba ɗaya. To, man shanun da aka dafa a gida fa, wa ya auna shi? Mai girkin bai san ƙarfin ganyen da ya zuba ba, bai san nawa ya shiga man ba, bai san ko wannan gefen gato ya fi wancan ɗauka ba. Cokali guda na iya zama kashi ɗaya, yana iya zama ashirin. Ga shi kuma ganyen yau ba na jiya ba ne. Binciken da aka yi a jami'ar Misisipi kan wiwin da hukuma ta kama ya nuna cewa matsakaicin ƙarfinsa ya tashi daga kusan kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa kusan kashi 12 a 2014, kuma abin da kantuna ke sayarwa yau ya zarce haka nesa. Dattijon da ke tuna ƙuruciyarsa yana cewa ai ba komai ba ce, wata taba yake tunawa, ba wannan ba.

Sai kuma yara, waɗanda ba su jefa ƙuri'a ba, ba a kuma shawarce su ba. Mujallar likitocin yara ta Amurka, Pediatrics, ta buga a watan Janairu 2023 cewa yaran da ba su kai shekara shida ba waɗanda aka kai rahoton sun ci abinci mai wiwi sun tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021. A cikin waɗannan shekaru biyar an ƙirga yara sama da 7,000, kusan kashi ɗaya cikin huɗu sai da aka kwantar da su a asibiti, wasu ɗaruruwa a ɗakin masu rai-kwakwai-mutu-kwakwai, kuma mafi yawansu a gidan iyayensu suka tsinci abin. Yaro ɗan shekara uku ba ya karanta tambari. Ya ga biskit ne a kan tebur, kuma duk duniya an koya masa cewa biskit nasa ne. Ƙunshin kanti aƙalla yana da murfin da ke wa yaro wuyar buɗewa. Gaton da uwa ta gasa da hannunta ba shi da murfi ko ɗaya.

Da a ce Amurkawa sun yi wa kansu wannan ne kawai, da sai a ce ruwansu, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Amma tarihin dokar wiwi a duniya ba ya barin a yi shiru. Gaskiya ne ba su suka fara kai ƙara ba: a taron Janeba na 1925 wakilin Masar ne ya matsa lamba aka sa hashish cikin yarjejeniyar ƙasa da ƙasa, kuma gwamnatin Turawan Afirka ta Kudu ta riga shi neman haka. Sai dai wanda ya ɗauki tutar ya zagaya duniya da ita shi ne Harry Anslinger, shugaban hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta Amurka daga 1930 zuwa 1962. A zamaninsa aka yi dokar 1937, bayan farfagandar da ta jingina ganyen ga ƴan ci-ranin Meziko da baƙaƙen makaɗa. A birnin New York aka sa hannu kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961, wadda ta jera wiwi a sahu ɗaya da heroin. A 1970 dokar tarayya ta Amurka ta sa shi a aji na farko, ajin abin da aka ce ba shi da wani amfani a likitance, a 1971 kuma shugaba Nixon ya shelanta yaƙi. Cikin shekarun 1970 an yi wa gonakin manoman Meziko feshin guba daga jiragen sama da tallafin Amurka. A 1986 majalisarsu ta ƙirƙiro wata jarrabawa ta shekara-shekara, inda shugaban Amurka ke zama alƙali, ya ce wace ƙasa ta ba da haɗin kai, wace ta ƙi. Wadda ta faɗi a yanke mata taimako, a kuma ƙi goyon bayanta in ta nemi rance a manyan bankunan duniya. Nijeriya, maƙwabciyar Maraɗi da Damagaram, ta faɗi wannan jarrabawa daga 1994 zuwa 1998, galibi saboda fataken heroin da hodar iblis. Duk wanda ya yi aikin gwamnati a wancan zamani ya san yadda ake ji in masu ba da rance suka ɗaure fuska.

Ana tsakiyar wannan hukunci, a 1996, jihar Kalifoniya ta halatta wiwi da sunan magani. A ranar 6 ga Nuwamba 2012 masu zaɓe a Kolorado da jihar Washinton suka halatta shi don nishaɗi tsantsa. Zuwa ƙarshen 2023 adadin jihohin da suka yi haka ya kai 24. Yurugwai ta yi tata dokar a 2013, Kanada a 2018, Jamus kuma daga 1 ga Afrilu 2024 ta yarje wa baligi giram 25 a waje, giram 50 a gida, da tushe uku. Yarjejeniyar 1961 tana nan, da sa hannunsu a ƙasanta, ba wanda ya yanke wa Kanada taimako, ba wanda ya yi wa gonakin Kolorado feshi. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, har da minshari, kuma babu mai ikon tashinsa.

Ba wahayi ne ya sauko musu ba, kuɗi ne. Kolorado, jihar da mutanenta ba su kai miliyan shida ba a lokacin, ta tara harajin wiwi da ya haura dala miliyan dubu tsakanin 2014 da tsakiyar 2019. A 2018 kamfanin giya na Constellation Brands ya zuba kusan dala miliyan dubu huɗu a kamfanin wiwi na Canopy Growth, shi kuma Altria, mai sigarin Marlboro a Amurka, ya zuba dala miliyan 1,800 a kamfanin Cronos. Masu giya da masu taba, waɗanda suka fi kowa sanin yadda ake mai da jaraba riba, su ne suka fara shinshino kasuwar. A shekarar nan dai John Boehner, tsohon kakakin majalisar wakilan Amurka, wanda ya yi shekaru yana adawa da halatta wiwi, ya karɓi kujera a kamfanin Acreage, tsohon firaministan Kanada Brian Mulroney ya same shi a can. A gefe guda kuma, ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta ACLU ta ƙirga kame fiye da miliyan takwas saboda wiwi a Amurka tsakanin 2001 da 2010, ta kuma nuna cewa baƙar fata ya fi Bature yiwuwar shiga hannu kusan sau huɗu, alhali shan nasu kusan ɗaya ne. Saurayin da aka kama da ƙulli a aljihu ya fito da tabon da ke hana shi aiki da haya, tsohon kakaki kuwa ya fito da hannun jari. Sai a ranar 6 ga Oktoba 2022 shugaba Biden ya yi afuwa ga waɗanda kotunan tarayya suka hukunta kan riƙe ɗan kaɗan, afuwar da ba ta shafi na kotunan jihohi ba, inda mafi yawan mutanen suke.

A ranar 2 ga Disamba 2020, a birnin Biyana, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ya kaɗa ƙuri'a kan cire wiwi daga sahun heroin. Ƙasashe 27 suka yarda, 25 suka ƙi, ɗaya ta ƙaurace. Amurka tana cikin masu yarda. Nijeriya, wadda aka hukunta jiya saboda sakaci, tana cikin masu ƙi. Ɗalibi ya riƙe karatu, malam ya yar da allo.

Yanzu ga inda magana ta shafi ofisoshin Yamai da rumfunan kasuwar Maraɗi. Akwai mai ilimin boko da zai karanta duk wannan ya ce, to ai shi ke nan, tun da masu dokar sun saki, me ya rage? Akwai kuma ɗan kasuwa mai saurin lissafi da zai ce ƙasar da ta fitar da gyaɗa jiya, take fitar da albasar Galmi yau, me zai hana ta fitar da wannan gobe? Su biyun suna yi wa rogo kallon kitse. Wanda ya bi umarnin wani ya hana, sannan ya bi misalinsa ya halatta, bai yi tunani ko sau ɗaya ba, sau biyu ya yi biyayya. Munafuncin Amurka hujja ce a kan Amurka, ba ta wanke ganyen ba. Binciken da aka buga a mujallar Lancet Psychiatry a 2019, wanda aka gudanar a wurare 11 a Turai da Barazil, ya nuna cewa mai shan wiwi kullum ya fi wanda bai taɓa sha ba yiwuwar kamuwa da taɓin hankali kusan sau uku, in kuwa mai ƙarfi yake sha kullum, kusan sau biyar. Kolorado tana da layin tarho na masu ba da agajin guba dare da rana, da motocin ɗaukar marasa lafiya, da ɗakunan gwaji masu auna miligiram, duk da haka yaranta na kwanciya asibiti. Wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, daga Tawa ko Tanut, da kuɗin mota na aro, ya san abin da ƙasar nan ke da shi da abin da ba ta da shi.

Batun magani kuwa, a ba shi haƙƙinsa. Tun 1985 Amurka ta amince da ƙwayar dronabinol domin masu ciwon daji da magani ke sa su amai, a 2018 kuma ta amince da Epidiolex domin wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu tsanani. Waɗannan magunguna ne na gaskiya, da awo, da takardar likita, da wanda za a tuhuma in an yi kuskure. Cokalin man shanu daga firji ba ya cikin wannan lissafi, kuma masu fakewa da mai farfaɗiya domin su sayar da shokola sun san haka sarai.

Shi kuma mai lissafin fitarwa waje, ya dubi Lesoto. Ita ce ƙasar Afirka ta farko da ta ba da lasisin noman wiwi na magani, a 2017. Manoman tsaunukan ƙasar sun yi shekaru aru-aru suna nomansa a ɓoye, amma kuɗin lasisi ya fi ƙarfinsu, sai kamfanonin waje suka karɓe fagen, su kuma suka ci gaba da zama masu laifi a kan gonakin iyayensu. Canopy Growth ya sayi kamfani a can a 2018, a watan Afrilu 2020 ya sanar da tattara komatsansa daga Lesoto da Afirka ta Kudu, da hannun jarinsa ya faɗi. Maroko, wadda ta fi kowa sanin wannan noma, ta yi dokarta a 2021, ta taƙaita ta ga magani da masana'antu a larduna uku na tsaunukan Rif, kuma sai a Agusta 2024 sarki ya yi wa manoma fiye da 4,800 afuwa. Tailan ta buɗe ƙofa a Yuni 2022, kantuna suka tsiro kamar ciyawar damina, a Yuni 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita. Manyan masu saye, Amurka da Kanada, suna noma abin da ya ishe su har ya yi musu yawa. Wanda ya tuna yadda kasuwar gyaɗa ta mutu ya bar dalar buhuna tana zama tarihi, bai kamata a sake ruɗinsa da amfanin gonar da wasu ke yanka wa farashi a wata nahiya ba.

Tukunyar lantarki ba ita ce barazanar gobe da safe ba a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta a gida, kuma mafi yawan tukwane a kan murhun itace suke. Amma dabara ba ta jiran lantarki, salula ta riga ta kai hotunan wannan girki kowace fada da samari ke shan shayi. Ƙasar da tramol ya shige ta a kan tiren ƴan talla, ana sayar da shi kamar goro ga mai kabu-kabu da mai ga-ruwa, ta riga ta ga abin da ke faruwa in kayan maye ya sa rigar magani. In ya sa rigar abinci abin zai fi muni, domin jami'in duwan na iya gane ƙunshin ganye, amma ba ya ɗanɗana kowane kwalin alawa. Ƙetaren iyaka kuma, binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta masu shan wiwi da miliyan 10.6. Kasuwa tana nan, kusa.

Sai dai masu mulki kada su ɗauki wannan magana a matsayin yabo. Laifi tudu ne. Nijar tana da dokarta, mai lamba 99-42 ta ranar 23 ga Satumba 1999, kuma kowa ya san wanda ta fi kamawa: yaron tasha mai ƙullin dala ashirin, wanda za a jefa gidan kaso ya haɗu da manyan malamai, ya fito ya fi da lalacewa, ba tare da ya ga likita ko sau ɗaya ba. Wannan shi ne ainihin kuskuren da Amurka ta yi shekara hamsin tana yi, na cika kurkuku da talakawa, kuma shi ne ya ba ƴan kasuwar wiwi hujjar da suka ci zaɓe da ita. Hana sayarwa daban, ɗaure mara lafiya daban. Mai sha yana bukatar magani da sana'a, kason kuwa an gina shi ne domin mai kamyo.

Masu kamyo kuma ba a rasa su ba. A farkon watan Maris 2021 hukumar OCRTIS ta kama tan 17 na hashish a wani mangaza a Yamai, wanda aka ƙiyasta kuɗinsa da sefa miliyar 20. Kayan ya taso daga Labanan, ya sauka tashar jiragen ruwa ta Lome, ya hau mota ya ratsa iyakoki, yana kan hanyar Libiya. Tan 17 ba ya shiga aljihu. Buhun albasa guda ba ya zuwa Kwatano daga Galmi sai an tsayar da shi a shingaye ba adadi, kowane ɗan kasuwa ya san kuɗin kowane shinge da ka, amma wannan kaya ya iso tsakiyar babban birni. Ƴan sandan da suka kama shi sun cancanci yabo. Tambayar da ta rage ita ce ta hannayen da suka ɗaga masa sanda a hanya, da aljihun da ya biya kuɗin jirgi.

A watan Mayu 2021 wata cibiyar bincike da ke Janeba, Global Initiative, ta buga rahoto inda ta yi zargin cewa wani ɓangare na kayan ya koma hannun fatake. Hukumomi suka musanta, suka ce an ƙone shi. Hanyar kashe irin wannan zargi a buɗe take, a fito da takardun awo da na ƙonawa, a kira masu bincike da ba sa karɓar albashi daga wanda ake zargi. Ba ita aka bi ba. Ƴan jarida biyu da suka yaɗa rahoton, Moussa Aksar na jaridar L'Événement da Samira Sabou, su aka gurfanar ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2019. A ranar 3 ga Janairu 2022 kotu a Yamai ta yanke wa Aksar ɗaurin wata biyu na jeka-ka-gyara-halinka, ita kuma Samira wata ɗaya, saboda rahoton da ba su suka rubuta ba.